Zane da addu'ar numfashi: amsa ga 'yar zumuntar mata a Agege

Wata 'yarmu mai ɗinki a Agege, 'yar zumuntar mata, ta aiko mini da saƙo bayan sujadar Lahadi. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Baba, na ga hotuna a waya, wasu Kirista suna zane-zane da launi, suna cewa daga addu'ar numfashi zanen ya fito. Abin ya ba ni sha'awa. Amma da na nuna wa wata mama a zumunta, sai ta ce yoga ce aka sa wa rigar coci, ta ce Yesu ya hana maimaita magana ɗaya, zane kuma ƙanin gunki ne. Shin abin yana da tushe a bangaskiyarmu? In yana da shi, yaya mai ɗaki ɗaya da yara uku a Legas za ta yi shi?"

'Yata, salama a gare ki. Na karanta zane a Zariya, na yi fiye da shekara talatin ina koyar da shi a makarantun sakandare a nan Ikko, wannan addu'a kuma na daɗe ina yin ta da alƙalami a hannu. Saboda haka zan amsa miki daga abin da na karanta da abin da hannuna ya taɓa. Eh, abin yana da tushe, tushen kuma mai zurfi ne. Sai dai kada ki raina maganar maman nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Tsoronta uku ne, kowanne yana da dalili, zan bi su.

Addu'ar numfashi gajeriyar addu'a ce da ake raba ta biyu: rabi in kina shaƙar iska, rabi in kina fitarwa. Wadda ta fi kowacce daɗewa da yaɗuwa ita ce ake kira Addu'ar Yesu: "Ya Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi." In kin lura, babu kalma ɗaya a cikinta da ba daga Bishara aka ɗauko ta ba. Makaho Bartimawas yana bakin hanyar Yariko yana ta kira, "Ya Yesu, Ɗan Dawuda, ka ji tausayina," ana kwaɓarsa yana ƙara ɗaga murya (Markus 10). Mai karɓar haraji ya tsaya daga nesa a Haikali yana bugun ƙirji, "Ya Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi" (Luka 18). Aka haɗa kukan mutum biyun nan ya zama addu'a ɗaya.

Waɗanda suka fara riƙe irin wannan gajeriyar addu'a dare da rana 'yan Afirka ne, kuma ina so ki riƙe wannan. A ƙarni na 4 maza da mata suka fita hamadar Masar suna neman yadda za su cika umarnin Bulus a 1 Tasalonikawa 5:17, "ku yi ta addu'a ba fasawa." Mutanen nan masu sana'ar hannu ne, yawancinsu kwanduna da tabarmi da igiya suke saƙawa da ganyen dabino, su sayar su ci abinci. Hannu na saƙa, baki na maimaita aya ɗaya. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rubuta wa wata gwauruwa mai suna Proba cewa 'yan'uwa a Masar suna da addu'o'i gajeru masu yawa da suke harbawa kamar kibiya. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna da su shekaru kafin ya koma kudancin Faransa, ya ce ayar da suka fi riƙewa ita ce farkon Zabura 70, inda mai zabura yake roƙon Allah ya gaggauta ya cece shi. Kin ga tun daga fari addu'ar nan da aikin hannu tare suka taso. Ke da kike zaune gaban keke da allura, gidanku aka zo.

Maganar numfashi ta fito fili a ƙarni na 7, a wurin Yohanna Kilimakus, shugaban gidan sufaye na Dutsen Sina'i, wanda ya ce a bar tunawa da Yesu ta haɗu da numfashin mutum. Daga baya sufayen Dutsen Atos a ƙasar Girka suka tsara yadda ake zama, a sunkuyar da kai, a sassauta numfashi. Abin bai wuce ba gardama ba. Wani malami mai suna Barlaam ya yi musu ba'a, ya ce mutane ne da suke neman ransu a cibiya. Giregori Falamas, ɗaya daga cikin sufayen Atos ɗin, ya tsaya musu, ya ce jiki ma Allah ne ya yi shi, Kalma kuma ya zama jiki, don haka babu laifi jiki ya shiga cikin addu'a. Majalisun ikilisiya a Kustantiniya, Istanbul ta yau, suka goyi bayansa a 1341 da 1351. An tattara rubuce-rubucen waɗannan iyaye cikin wani babban kundi mai suna Filokaliya, aka buga shi a Benis a 1782. A Yamma ma akwai irinta: Ignatiyus na Loyola, wani fada na Katolika, a ƙarni na 16, ya koyar da a ɗauki Addu'ar Ubangiji a faɗi kalma ɗaya tsakanin numfashi da numfashi.

To, ga amsar tsoro na farko. Yoga daga Indiya take, da nata tushen da nata manufar. Numfashi kuwa ba mallakar Indiya ba ne. A Farawa 2:7 Allah ya siffata mutum da turɓaya ya hura masa numfashin rai a hanci. Ezekiyel ya ga kwarin busassun ƙasusuwa, ba su tashi ba sai da numfashi ya shiga cikinsu. Da Yesu ya tashi daga matattu ya hura wa almajiransa numfashi ya ce su karɓi Ruhu Mai Tsarki (Yohanna 20:22). A harshen Ibrananci kalma ɗaya ce, ruwak, take nufin iska da numfashi da ruhu, haka ma a Girkanci. Mu ma Hausa mun san wannan haɗin, domin iska a bakinmu tana nufin wadda ke kaɗa ganye, tana kuma nufin wadda ke hawa kan mutum. Ina jin shi ya sa kunnen Bahaushe Kirista yake tashi da ya ji an haɗa iska da ibada: bori yake tunawa. Tsoron yana kan hanya. Abin da ya raba su shi ne wanda ake kira. A addu'ar numfashi ba a wofintar da kai don wani abu ya shigo, ba a neman fita hayyaci. Mutum yana cikin hankalinsa sarai, yana kiran suna ɗaya da ya sani, sunan Yesu, yana roƙon abu ɗaya. Duk wanda ya koya miki wata hanya da babu sunan Yesu a ciki, ko ya ce numfashin kansa shi ne Allah, ki ajiye masa kayansa.

Tsoro na biyu, maimaitawa. Matiyu 6:7 ya hana maimaitawar banza irin ta masu zaton za a ji su saboda yawan maganarsu. Kalmar da ke ɗauke da nauyin ayar ita ce "banza". Yesu da kansa a Getsamani ya koma sau na uku yana faɗin magana iri ɗaya (Matiyu 26:44). Zabura 136 ayoyi 26 ce, kowacce ta ƙare da amshi ɗaya a kan madawwamiyar ƙaunar Allah. Ku kanku a zumunta, in kun kama amshi ɗaya da tulu da shantu, sau nawa kuke juya shi? Yaron da ke zazzaɓi yana ta cewa "Mama, Mama" ba dogon bayani yake yi ba, uwar kuma ba ta ce masa ya daina maimaitawa. Amma ranar da kika fara lissafi, kina cewa na yi dubu yau, dole Allah ya biya ni, ranar kin faɗa cikin abin da ayar ta hana.

Yanzu zanen, wanda shi ne fannina, kuma nan zan daɗe.

Yawancin ikilisiyoyinmu na Hausa bangonsu fari ne fes, sai aya ɗaya a saman bagade, da agogo, da allon lambar waƙa. Akwai tarihi a bayan haka. Masu bisharar da suka kafa da yawa daga cikinsu, kamar mutum uku na ƙungiyar bishara ta SIM da suka sauka a nan Legas a watan Disamba 1893 suna neman hanyar shiga Arewa, sun fito ne daga ikilisiyoyin da ba sa sa hoto a ɗakin sujada. Kakanninmu da suka tuba daga gargajiya da hannunsu suka ƙone kayan tsafi. Muna kuma zaune da maƙwabta Musulmi waɗanda ba sa yarda da siffa a wurin ibada. Duk wanda ya tashi cikin wannan, in ya ga an haɗa zane da addu'a dole gabansa ya faɗi.

Amma ki buɗe Fitowa ki karanta gaba kaɗan da sura 20. Allahn da ya hana a yi siffa a yi mata sujada, shi ne a sura 25 ya ce a ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan akwatin alkawari, a sura 26 ya ce a yi wa labule ado da shuɗi da shunayya da ja. A sura 31 ya kira Bezalel da suna, ya ce ya cika shi da Ruhunsa don ya iya aikin zinariya da azurfa da sassaƙar itace da yankan duwatsu. Mai aikin hannu ne, kamar ke, kamar ni, aka ce an cika shi da numfashin Allah. Iyakar tana wurin macijin tagulla: Allah ne ya ce Musa ya yi shi, mutane suka dube shi suka warke, amma da jikokinsu suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfasa shi (2 Sarakuna 18:4). Abu ɗaya ne, wata rana alheri, wata rana gunki. Abin da ya canza yana cikin zuciyar masu dubansa.

Zanen da ake dangantawa da addu'ar numfashi iri biyu ne, mutane kuma suna cakuɗa su. Na farko shi ne wanda ake yi ana cikin addu'ar. Wannan ba hoton Allah ba ne, ba ma hoton kome ba ne. Sawu ne, kamar sawun da ƙafa ke bari a yashi: numfashi ɗaya, addu'a ɗaya, layi ɗaya. Amfaninsa shi ne ya ɗaure hankali. Kin san yadda zuciya take da saƙe-saƙe: kin rufe ido kin ce "Ya Yesu", kafin ki ce "ka ji tausayina" kin isa kasuwar Mil 12 kina taya tumatir, kin dawo kina lissafin kuɗin haya. In hannu yana da ɗan aiki mai sauƙi da yake tafiya tare da numfashin, ido yana bin bakin alƙalami, sai yawon ya ragu. Abin da igiyar ƙulli take yi wa Kiristan Girka da Rasha da Masar da Habasha ke nan. Ta Girka da Rasha da ulu ake ƙulla ta, ƙulli 33 ko 50 ko 100, yatsa yana bi ɗaya bayan ɗaya. In ta yi miki kama da carbin maƙwabcinki, kada abin ya dame ki. Ɗan Adam duk inda yake ya gane cewa yatsa yana taimakon zuciya.

Bari in nuna miki ɗaya da na gani da idona. Akwai wani ɗan'uwa a sashenmu na Hausa, mai gadi ne a wani gida a ɓangaren tsibiri na Legas, iyalinsa suna can gida Arewa. Ya ce mini dare yana yi masa tsawo, tunani yana cinsa, in ya rufe ido zai yi addu'a barci ya sace shi, barci kuma a bakin aikinsa kora ce. Na ba shi tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta da biro, na ce duk fitar numfashi ya ja layi ɗaya daga hagu zuwa dama, yana cewa "ka ji tausayina" a zuci. Bayan mako biyu ya kawo mini. A saman kowane shafi layukan gajeru ne, a karkace, biro ya danne takarda har ya kusa huda ta. Wajen tsakiya sai su fara tsawo. A ƙasa sun miƙe, sun yi laushi, tazararsu ta daidaita kamar kunyoyin gona. Akwai shafi ɗaya da layukan suka yanke a tsakiya, sai wani tabo mai zagaye inda tawada ta jiƙe ta bazu. Ya ce a daren ne aka kira shi aka ce 'yarsa ba lafiya. Ban taɓa ganin zane a wani ɗakin nuni da ya riƙe ni kamar shafin nan ba, mutumin kuwa ko aji ɗaya na zane bai taɓa shiga ba.

Iri na biyu shi ne aikin da mai zane ya yi don jama'a, bayan ya daɗe yana wannan addu'a har ta shiga hannunsa. Misali mafi girma shi ne hotunan ibada na Kiristan Gabas, waɗanda suke kira aikon. A gidan sufaye na Santa Katarina a Sina'i, inda Kilimakus ya zauna, akwai hoton Almasihu na ƙarni na 6 da aka yi da kakin zuma da launi, yana nan har yau. A Rasha, Andire Rublef, sufi ne, ya zana baƙi ukun Ibrahim a farkon ƙarni na 15, a daidai lokacin da wannan addu'ar shiru ta yi ƙarfi a gidajen sufayen ƙasar. In kin dubi hoton za ki ga babu gaggawa a ko'ina cikinsa, kawuna uku a sunkuye, ido yana zagayawa daga wannan zuwa wancan ya dawo. Su ma sun yi nasu rikicin a kan hoto, an farfasa da yawa, kafin majalisar Nikiya ta biyu a 787 ta bambanta girmamawa da sujada, ta ce sujada ta Allah ce shi kaɗai. Ba lallai ki yarda da duk abin da suke yi da hotunan ba, ni ma ban taso a cikinsa ba. Amma akwai abu biyu a aikinsu da ke taɓa ni. Suna fara fenti daga launi mai duhu, su riƙa ɗora mai haske a kai, har haske ya zama abu na ƙarshe da ya sauka a fuska. Sannan wajen sa zinariya, sukan shafa jan yumɓu da aka kwaɓa da manne a kan allon, ya bushe, a goge shi ya yi santsi. Mai aikin sai ya kusanto da bakinsa ya hura masa numfashi mai ɗumi daga can cikin ƙirji. Laimar numfashin ce take tayar da mannen, a ɗora ganyen zinariya nan take ya kama. Yumɓu, numfashi, sannan ɗaukaka. Da yawa cikin masu koyar da sana'ar suna karanta Farawa 2:7 a daidai wannan gaɓa.

Ba sai kin je Rasha ba kuwa. A nan Ebute Metta, a ƙarshen shekarun 1960, Bruce Onobrakpeya, wanda shi ma a Zariya ya yi karatu, ya zana wa cocin Katolika na St. Paul tashoshi 14 na hanyar gicciye, mutanen ciki sanye da tufafin ƙasar nan. Fada Kevin Carroll ne ya ba shi aikin, shi ne kuma yana cikin waɗanda suka tafiyar da wurin sassaƙa da saƙa na Oye-Ekiti daga 1947. Yusuf Grillo na kwalejin Yaba, mai son shuɗi, ya yi wa coci-coci a Legas tagogin gilashi masu launi. Ban ce waɗannan daga addu'ar numfashi suka fito ba. Na kawo su don ki san cewa hannun ɗan ƙasar nan ya daɗe yana yi wa Almasihu hidima da launi.

Abin da ya fi koya mini wannan addu'a, in gaya miki gaskiya, marina ce. Ina ɗalibi aka kai mu Ƙofar Mata a Kano. Na tsuguna kusa da wani tsoho marini, hannunsa shuɗi har gwiwa. Ya tsoma farin ƙyalle cikin ramin baba da toka da kanwa, ya juya shi, ya ciro. Na zaci zan ga shuɗi, sai na ga kore-kore mai ɗorawa. Ya matse, ya warware shi, ya riƙe a sarari. A gaban idona launin ya juya, ya zama shuɗi. Ya ce, "Sai ya sha iska." Ya sake tsomawa, ya sake cirowa. A ramin ƙyalle yake ɗaukar baba, amma iska ce take kama launin ta zaunar da shi. In ka bar shi a ciki bai fito ba, ba zai yi ba. Kuma tsomi ɗaya shuɗi ne mai haske da wanki zai ci. Baƙin shuɗin nan mai sheƙi da Buzaye suke naɗawa, tsomi ne bayan tsomi bayan tsomi. Masu adire na Abeokuta da kike ganin kayansu a kasuwannin Legas su ma haka suke yi. Shiga, fita, shiga, fita, babu tsomin da za ki nuna ki ce shi ne ya rina zanen. Duk lokacin da wani ya ce mini ya yi addu'ar nan kwana uku bai ji kome ba, tsohon nan nake tunawa.

Yanzu yadda za ki yi. Ki zaɓi addu'a gajeriya daga Littafi Mai Tsarki, wadda za ta shiga numfashi ɗaya ba tare da kin takura ba. "Ya Yesu" a shaƙa, "ka ji tausayina" a fitarwa, ita nake ba masu farawa, domin dogon wasalin ƙarshenta yana tafiya da iskar har ta ƙare. Wata mai kyau ita ce farkon Zabura 23, "Ubangiji makiyayina ne" a shiga, "ba zan rasa kome ba" a fita. A ranar shakka akwai kukan uban yaron nan a Markus 9:24, wanda ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Ki riƙe ɗaya aƙalla wata guda, kada ki riƙa sauyawa kullum. Rabin shaƙa a zuci ake faɗinsa, ba a iya magana da murya ana jan iska.

Ke ba ki bukatar takarda ma. Ki ɗauki ragowar ƙyalle fari daga ƙarƙashin kekenki, kamar faɗin tafi biyu, da allurar hannu da zare mai launi ɗaya. In kina shaƙa ki soka allura, in kina fitarwa ki ja zaren a hankali har ya zauna. Ki sa jan zaren a kan fitar numfashi, domin a lokacin ne kafaɗa take sauka hannu ya daina rawa. Da alƙalami ma haka ne, a ɗaga a shaƙa, a ja layi a fitarwa. Babba a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In kin natsu da addu'ar zai sauka da kansa, wataƙila zuwa shida ko takwas. Wasu likitoci a Italiya sun auna masu karanta addu'ar rosari da Latin a 2001, suka ga numfashinsu yana sauka wajen shida a minti ba tare da an ce su rage ba. Minti goma ke nan zai ba ki ɗinki sittin zuwa tamanin. Ki fara daga tsakiya ki riƙa zagayawa waje kamar saƙar faifai, ko ki bi layi-layi. In hankali ya gudu kika farga, kada ki warware abin da kika ɗinka a lokacin, ki ci gaba daga inda kike. Karkataccen wurin ma na cikin addu'ar. Ranar da hannu ya saba, ki gwada dagi, wanda layinsa yake shiga yana fita ba a ganin farkonsa. Kiristan Habasha da Masar suna da gicciye masu irin wannan saƙa.

Lokaci kuwa, na san Legas. Asuba kafin yara su tashi, ko dare in an ɗauke wuta kafin janaretan maƙwabta su tashi gaba ɗaya, fitilar waya ta isa. A cikin danfo kada ki fito da allura, burki ɗaya zai sa ki soki kanki ko na kusa da ke. A gosulo addu'ar kaɗai ta isa, babban yatsa yana bin gaɓoɓin sauran yatsu. In yaran suna so su shiga, ba su gawayi da bayan tsohuwar kalanda. In kuna son launi, ki jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya narke, shi ne mannen da ke cikin fentin ruwa na kanti ma, daga itatuwan Yobe da Borno da Jigawa ake fitar da shi zuwa Turai. Ki kwaɓa shi da garin gawayi ya ba ki baƙi, da jar ƙasa da aka tankaɗe ya ba ki ja. Ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja mai kyau, in kin ɗiga masa ruwan kanwa ya juya ya yi duhu, amma rana tana cinye shi cikin 'yan makonni. Da damina laimar garin nan tana sa takarda ta kumbura ta yi fumfuna, saboda haka ki bari ta bushe sarai, kada ki jingina ta da bango.

Akwai abubuwan da nake roƙonki ki kiyaye. Kada ki riƙe numfashi da ƙarfi, kada ki riƙa zuƙa da sauri. Jiri zai kama ki, yatsu su yi tsami, wani ya ce miki Ruhu ne ya sauko, alhali iskar da ke cikin jini ce ta rikice. Malaman Rasha na ƙarni na 19, irin su Tiyofan da Ignatiyus Biriyancaninof, sun gargaɗi mutane kada su shiga dabarun numfashi masu tsanani ba jagora, suka ce mai da hankali ga kalmomin da tuba shi ne ainihin abin. In kina da asma, ko ciwon zuciya, ko juna biyu, ki bar numfashin yadda yake, addu'ar ta bi shi. In baƙin ciki ya yi nauyi har ba kya iya barci ko cin abinci, ki gaya wa matar fasto, ki kuma ga likita. Kada ki nemi ganin haske ko jin murya. Kada ƙyallen ya zama laya, a ɗaura wa yaro a wuya ko a sa a ƙarƙashin matashi don tsari. Ranar da kika ji ba za ki iya addu'a ba sai da shi, ko kina tsoron ya ɓace, ki yi masa abin da Hezekiya ya yi. Kuma wannan ba ya maye gurbin karatun Littafi, ko sujada da 'yan'uwa, ko Jibin Ubangiji.

Game da hotunan da kika gani a waya, wasu na gaske ne, wasu an yi su ne don su yi kyau a saya. Ban hana mai zane cin abincinsa ba, ni ma da shi na ciyar da gidana. Amma kada ki auna naki da nasu. Naki na cikin ɗaki ne, irin wanda Matiyu 6:6 ya ce a rufe ƙofa. Ina ba ki shawara watanni ukun farko kada ki ɗauki hotonsa, kada ki sa a WhatsApp, domin da zarar kin fara tunanin wanda zai gani, hannunki zai fara yi masa kwalliya, hankali ya bar wanda kike kira.

Mutum ɗaya nake so ki nuna wa: maman nan. Ki je gidanta da kanki, ki gaishe ta yadda ya kamata, ki ce, "Mama, maganarki ta sa na je na bincika." Ki karanta mata Markus 10 da 2 Sarakuna 18 tare, ki ce ta riƙa lura da ke, in ta ga abin yana karkata ta ja kunnenki. Ki tafi da allura biyu. In ta ce a'a, ki karɓa da ladabi ki bar maganar. Ranar Lahadi ta sama ina nan bayan sujadar Hausa, zan zo miki da ƙaro da na jiƙa da ɗan garin jar ƙasa don yaran.